Ginshiƙin da Ya Cafke Ɗankwalin Kaka

Rabon Kaka da ta tara mazan gidanta ta wanke su tas, tun rikicin tankin ruwa. Ɗanta da jikanta suka ce a kafa shi bayan gida a kan ƙafafun ƙarfe. Ita kuwa ta ce ba da ita ba, a saman barandarta za a ɗora shi, daidai kan kujerar da take wuni, don ta riƙa jin shigar ruwa da fitarsa, ta san wanda ke mata almubazzaranci. Jikan, wanda a lokacin yake tsakiyar karatun injiniyan gini, ya zo da dogon bayani har da zane a takarda. Ta karɓi takardar hannu bibbiyu, ta sa masa albarka, ta hura gawayi da ita. Aka ɗora tanki inda ta ce. Abin da kawai suka iya ƙwata a hannunta shi ne ta bari a kafa bututun ƙarfe guda a tsakiyar barandar, ya tokare ƙaton katakon da ya ratsa daga bangon kicin zuwa bangon ɗaki. Tun daga ranar ba ta taɓa gifta ƙarfen nan ba ta ja masa tsaki ba.

To yanzu abin ya wuce tsaki. Yayarta, wadda suka fito ciki ɗaya, tana kwance a asibiti, ɓarin jiki ya shanye, gobe za a sallame ta a keken marasa lafiya. Kaka ta ware mata ɗakin da ke ƙarshen baranda. 'Yar Yaya ta aiko da keken a gwada, ya zo daidai ginshiƙi ya cije: ta dama bango, ta hagu gangaren tsakar gida. 'Yar Yaya kuwa ta faɗa ba ɓoye-ɓoye, in keke bai shiga ba za ta tafi da uwarta can ƙololuwar benen da take haya, inda tsohuwa za ta riƙa wuni ita da talabijin har a taso daga aiki. Kaka ta kira mai walda ya yanke ƙarfen. Mai walda ya ɗaga kai ya duba, ya ce bari ya ɗauko wani abu a waje, ya je ya buga wa jikan waya.

"...da gajiyar asibiti, amaryata?" in ji jikan yana shigowa, tef ɗin awo maƙale a ƙugunsa. "Kai, irin wannan kwalliya! Ko an gaya miki ina hanya?"

"An gaya mini annoba na hanya, shi ya sa na zauna bakin ƙofa in tare ta," in ji Kaka. "Lale da maigida marar cefane. Ka shigo hannu na dukan cinya kamar kullum. Ina tsarabata?"

"Ni ne tsarabar."

"A mayar wa mai kanti, ba wannan na aika a sayo ba. Dubi wuya kamar mariƙin lema. Wai har yanzu ba a sami yarinyar da idonta ya lalace ta kwashe ka ba?"

"Ina zan kai wata, ke kin kasa kin tsare? Duk wadda na kawo sai ki ce hancinta ya karkace."

"To ƙarya na yi? Kai mai yawo da abin awo ba ka gani ba, ni mai ido ɗaya da rabi na gani."

Mai walda, wanda ke zaune a kan akwatin kayan aikinsa, ya ƙyalƙyale da dariya. Kaka ta juyo masa.

"Kai kuma me ya ba ka dariya? Na ce ka cire mini ƙarfe, ka je ka jawo mini ƙarfen ƙafa."

"Iya, ni yanka na iya," in ji mai walda. "Ɗaukar rufi a ka ne ban iya ba."

"Za ka koya. Zo nan, Injiniya, zo ka ga ɗanka."

Ta dogara sanda ta miƙe, ta je ta kama ginshiƙin da hannu ɗaya ta jijjiga. Ƙasansa na nan daram a cikin siminti, amma kansa ya yi ta kaɗawa, ƙwal-ƙwal-ƙwal, yana gogar katako.

"Ka gani? Ni ban yi boko ba, amma na ɗauki kaya a ka tun kafin a san za a haifi ubanka. Wanda ke ɗauke da kaya wuyansa ba ya rawa. Wannan kuwa rawa yake kamar haƙorin da ya rage mini. Ragon banza ne, ba abin da yake yi. Don haushi kuka dasa mini shi, kai da uban naka, saboda na kayar da ku."

Injiniya ya matso yana murmushi, ya kama ƙarfen ya girgiza. Murmushin ya ragu. Ya leƙa sama, ya ga ɗan siririn haske tsakanin farantin kan ginshiƙin da katako.

"Ikon Allah," ya ce.

"Ikon Allah ne ko kunya ce? Faɗi, ba na jin raɗa."

"Kin yi gaskiya a abu ɗaya. Ginshiƙin da nauyi ya hau kansa ba ya girgiza. Yanzu haka wannan ba ya ɗauke da komai."

"Mai walda, ka ji da kunnenka. Kunna injin."

"Cewa na yi yanzu haka. A ba ni tsani."

Aka jingina tsani. Injiniya ya hau a hankali, ƙafa ɗaya sai ta tabbatar ɗayar ta zauna. Kaka ta riƙe masa ƙasan tsanin da hannu ɗaya tana kallonsa.

"Wai wannan ne mai gina benaye? Kaza ma ta fi ka iya hawa. In ka faɗo, ka faɗo ta can, yanzu na share nan."

"In na faɗo ke za ki yi zawarci, kuma ba mai kwasa."

"Ni? Tsofaffin layin nan har layi suke. Hau dai. Abin da babba ya hango daga zaune, yaro ko ya hau tsani ba zai hango ba."

Daga sama aka ji ya ƙwanƙwasa tanki da bayan hannu. Tankin ya amsa, bum-bum, kamar ganga. Sai ga kan Injiniya ya leƙo ta bakin rufi, haƙora duk a waje.

"Kaka, yaushe rabonki da kunna injin ruwa?"

"Tun da aka kwantar da Yaya ina na zauna? Can nake wuni. Bokiti ɗaya daga maƙwabta ya ishe ni. Me ya haɗa ruwana da ƙarfenka?"

Ya sauko, wannan karon da sauri, har yana tsallake mataki.

"Tankin ba ko ɗigo a ciki. Nauyi iri biyu ne a kan kowane gini. Akwai ɗan gida, wanda kullum yana nan, kamar kwano da katakon kansa. Akwai baƙo, mai zuwa ya tafi, kamar ruwa, da mutane, da kayan da ake ajiyewa. Ɗan gidan nan katako ya iya da shi shi kaɗai. Baƙon ne ya fi ƙarfinsa. In tanki ya cika, katako ya ɗan sunkuya ya zauna a kan ginshiƙi. In ruwa ya ƙare, ya miƙe ya ɗaga. Yanzu baƙo ba ya nan, shi ya sa ginshiƙi ke hutu."

"Katakon da ya fi cinyar bijimi kauri ne zai riƙa sunkuyawa yana miƙewa? Gaisuwa yake yi?"

"Ido ba ya gani. Bai fi kaurin farcenki ba."

"Abin da ido ba ya gani kai kaɗai ake nuna wa? To ni gani ya kori ji."

"Haka nake so. Ba ni wani abu mai laushi, tsumma ko takarda. Zan zura shi a wannan tsagar, mu kunna ruwa. In tanki ya cika kika zare shi, ni da hannuna zan yanke ƙarfen."

"Tsumma? Ni zan yi musu da tsumma?"

Ta shige ɗaki, ta fito da sabon ɗankwali, ko karin guga bai baje ba. Shi ta tanada za ta ɗaura gobe ta tarbi Yaya.

"Ungo. Da wannan za a yi, don ka san ba tsoronka nake ji ba. In na zare shi, kai za ka share gidan nan har ka yi aure. Wato har abada."

"In kuma ya ƙi fita?"

"Ba zai ƙi ba."

Injiniya ya zura gefen ɗankwalin tsakanin ƙarfe da katako, ya shige sumul, sauran ya sauko yana lilo. Ya danna makunni, injin ya ɗauki gurnani, can sama ruwa ya fara zuba cikin tanki. Kaka ta koma kujerarta ta harɗe ƙafa. Shi kuma ya jawo keken Yaya zai zauna, ta ɗaga masa sanda, ya koma kan bokiti.

"Kafin ya cika bari in ba ki karatu kyauta," ya ce.

"Abin kyauta ba ya ƙarko. Wai me ma kuke karantawa ne? Har yau ban gane ba."

"Farkon abin da ake koya mana shi ne dalilin da ya sa abin da ke tsaye yake tsaye."

Kaka ta dubi mai walda. "Ka ji? Mutane na zuwa makaranta su koyi ƙera abin da ke gudu, nawa ya je ya koyi abin da ke tsaye. Ai gado ne, kakansa ma haka yake, in ya zauna sai an tashe shi."

"Tsaya ki ji. Kina zaune kina danna kujerar nan ƙasa, ko ba haka ba?"

"Kujerata ce."

"To ita ma tana tura ki sama, daidai yadda kike danna ta, ba daɗi ba ragi."

"Kujerar? Tana ture ni? Marar kunya! Ni da na raba ta da kantin gwanjo na rufa mata asiri?"

"Da ba ta tura ki da kina ƙasa. Ita kuma daɓe yana tura ta, daɓe kuma ƙasa na tura shi. Kowane nauyi sai ya sami hanyar da zai bi ya isa ƙasa."

"Wannan kuma sai an je makaranta? Komai nisan jifa ai ƙasa zai faɗo."

"To mu aikinmu mu san ta ina zai bi kafin ya faɗo. In aka haɗa duk abin da ke dannawa ƙasa da duk abin da ke turawa sama, dole lissafi ya tashi sifili. Shi ne daidaito. In bai tashi sifili ba, wani abu zai motsa."

"Sifili?" Kaka ta riƙe haɓa. "Ubanka ya yi ta ɗawainiya shekara da shekaru don ka koyo yadda ake samun sifili? Ai ƙaninka kullum shi yake kawowa daga makaranta, har dukansa ake yi a kai. Ashe injiniya ne ba a sani ba."

Mai walda ya kusa faɗowa daga kan akwati. Injiniya bai kula ba, ya sunkuya ya fizge silifas ɗaya daga ƙafar Kaka.

"Kai! Ɓarawon takalmi!"

"Dubi nan." Ya riƙe bakin silifas ɗin biyu, ya danna tsakiya da babban yatsa har ya lanƙwasa. "Kin ga saman ya tattare? Nan ana matse shi. Dubi ƙasan, ya miƙe har tsagar robar ta buɗe. Nan ana jan shi. Haka katakon can yake in aka ɗora masa kaya a tsakiya: sama matsi, ƙasa ja. Katako yana jure matsi, amma in jan ya yi yawa, ta ƙasa yake fara tsagewa."

Kaka ta saci kallon cikin katakon, daidai saman kanta, ta ɗauke ido da sauri kada a gani. Ta cire ɗayan silifas ɗin ta kai masa duka a gwiwa.

"Wannan kuma matsi ne ko ja?"

"Wannan zalunci ne."

"Ba ni abina."

Ya miƙa mata. Karatu ya yi masa daɗi, bai ga alamar tsayawa ba.

"Saura ɗaya. In kin ɗauki bokitin ruwa kin manna shi a jikinki, da in kin miƙe hannu kin riƙe shi can nesa, wanne ya fi wuya?"

"Wane mahaukaci ne zai riƙe bokiti can nesa?"

"Ke. Abin da kika sa katakon nan yake yi ke nan. Ruwan ɗaya ne, nisan ne ke ƙara masa ƙarfin murɗa hannu. Bangon kicin kafaɗa ne, bangon ɗaki kafaɗa ne, ke kuma kika ajiye tanki a tsakiya, inda ya fi nisa da kowace kafaɗa."

"Ni dai na san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa aka yi bango biyu. Na ukun nan kwaɗayi ne."

Ba ta rufe baki ba katakon ya yi wata 'yar ƙara, ƙiii, kamar tsohuwar ƙofa. Kaka ta yi kamar ba ta ji ba. Can kuma ya sake. Mai walda ya ja akwatinsa ya matsa bakin tsakar gida.

"Amarya," in ji Injiniya, "ko za a gwada ɗankwalin?"

"Sai na ga dama."

Ta ɗan jima, sannan ta miƙe ba gaggawa, ta kama bakin ɗankwalin da yatsu biyu ta ja. Bai zo ba. Ta kama da hannu ɗaya. Ta jingine sanda ta kama da hannu biyu, ta tokare ƙafa, ta ja har zaren ya fara kuka. Ta saki, ta kama ginshiƙin ta jijjiga. Ko gezau, kamar tare aka halicce shi da ƙasa.

"Sake mini abina, ɗan banza," ta ce wa ƙarfen.

"Yana aiki, ba ya magana," in ji Injiniya.

Ya buɗe baki zai ƙara, sai ya ga fuskarta. Kaka ta koma kujera ta zauna, ba irin zaman ɗazu ba. Idonta na kan keken da ke jingine a bango.

"Da mai walda ya yanke, na dawo na kunna ruwa..." Ba ta ƙarasa ba.

"Da ke da Yaya kuna zaune a nan ƙasa," in ji shi a hankali.

"To Yaya ta tafi bene ke nan. Matar da ko shayi ba ta iya sha sai da abokin hira. Za su rufe ta a sama kamar tsohuwar akwati."

"Wa ya ce? Ni cewa na yi ba a yanke shi tanki na tsakiya. Ban ce ba a yankewa ba."

Ta ɗago.

"A matsar da tankin can kusurwa, daidai kan bangon kicin. Mai walda ya yi masa ɗan gado na ƙarfe a kan bangon. Nauyin ruwa ya bi bulo ya sauka ƙasa kai tsaye, bai ratsa ta katako ba. Katako ya koma ɗaukar kwano kawai, yadda yake yi tun kafin a kawo tanki. Na duba shi da na hau, ba tsaga ba gara. Daga nan ginshiƙi ya zama rago na gaskiya, a sallame shi."

"Yau ɗin nan?"

"Aikin yini ne, Iya," in ji mai walda. "Ina da ƙarfen a shago."

"Sai dai fa," in ji Injiniya yana kanne ido, "ba za ki ƙara jin ruwa a saman kanki ba. Duk wanda ya ga dama ya yi miki ɓarna."

Kaka ta dubi sama, ta dubi keken. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke girgiza kafaɗa.

"In Yaya ta buɗe baki, wa zai ji tanki? Ko jirgi ya sauka a rufin nan ba za a ji ba. A matsar."

"Wato kin yarda tun farko mu ne da gaskiya."

"Cewa na yi a matsar. Kada ka sa mini magana a baki, ba haƙoran riƙe ta."

"Mai walda, ka zama shaida. Yau na kayar da..."

Shaaa! Ruwa ya kwararo ta bakin kwano ya sauka daidai ƙeyar Injiniya. Tanki ya cika ya tumbatsa, shi yana can yana karatu ya manta da makunni. Ya yi tsalle ya kashe injin, riga sharkaf.

Mai walda ya share hawayen dariya ya ce, "Injiniya, wani hanzari ba gudu ba. Ɗazu da ba komai a ciki, ni da kai za mu ja shi da hannu. Yanzu ko ƙarti goma ba za su motsa shi ba."

Injiniya ya tsaya, ruwa na ɗiga daga haɓarsa. Ya dubi ɗankwalin. Tun ruwa bai kai rabi ba ya cije, da ya sani da tun lokacin ya kashe injin.

"Ba komai," ya ce. "A buɗe famfon ƙasa ya bi kwata."

"Ya bi ina?" in ji Kaka.

"Kwata."

"Ruwan nawa? Wanda injina ya jawo da wutata? Yaro, ko ɗigo ɗaya ya taɓa kwata sai na kai ƙararka wurin uwarka. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Kai ka cika shi don ka ci musu, kai za ka kwashe shi. Ga bokiti can."

"To a ba ni tiyo."

"Na ara wa maƙwabta."

"Yaushe?"

"Yanzu zan aika musu."

Haka Injiniya ya tuɓe takalmi ya naɗe wando. Ya cika duro biyu na bayan kicin, ya cika jarkoki, da baho, da tukwanen da rabon a sauko da su tun bikin uwarsa. Ya mayar wa maƙwabta ruwan da Kaka ta yi ta ɗiba a wurinsu, har da ƙari. Da mazubi ya ƙare ta ba shi tsintsiya da sabulu, ya wanke ɗakin Yaya daga bango har ƙarƙashin gado, ya wanke baranda, ya wanke keken kansa har tayoyi. Ita tana zaune tana ba da umarni da bakin sanda.

"Manna shi a jikinka mana! Kana riƙe bokiti can nesa, ko ka manta karatun?"

"Kaka, bayana zai karye."

"Ta sama ko ta ƙasa? Gaya mini in san inda zan shafa maka man zafi."

"Ki ji tausayin mijinki."

"Miji a bakin aiki ake gane shi. Saura kwanon kaji."

Ya dire bokitin, ya dafa ƙugu, ya yi dariya har ya durƙusa. "Na sallama. Wallahi na sallama. Na ci musu, kin ci ni."

"Da tsohuwar zuma ake magani. Tashi, ruwa bai ƙare ba."

Ana cikin haka katakon ya sake 'yar ƙararsa, ɗankwalin ya sulluɓe da kansa ya sauko a hankali ya faɗi a kan daɓe. Kaka ta ɗauka ta kakkaɓe. Tsatsa ta buga masa tambari a gefe, shatin farantin ƙarfen sak.

"Zan kawo miki wani," in ji Injiniya.

"Ka kawo biyu, da na Yaya. Wannan kuma shi zan ɗaura gobe, ta tambaye ni, in sami abin ba ta labari."

Kafin rana ta faɗi mai walda ya kafa gadon ƙarfe a kan bangon kicin. Su biyu suka ja tankin kamar kwali suka ɗora, aka ƙara bututu, aka sake tara masa ruwa. Injiniya ya kama ginshiƙin ya girgiza, ya yi ƙwal-ƙwal duk da tanki na cike. Sai a lokacin ya ɗaga wa mai walda hannu. Injin yanka ya yi kuka, tartsatsi ya watsu, ƙarfen ya kwanta. Aka goge gindinsa ya yi daidai da daɓe. Ba abin da ya motsa a sama.

Kaka ta tura yankakken ginshiƙin da ƙafa zuwa gaban jikanta.

"Ga tukwicinka. Kai shi ɗakinka ka jingine kusa da gado, ka riƙa koyi da shi. Shekara da shekaru yana ɗauke da kaya, bai taɓa tara mutane ya yi musu bayani ba."

"Na gode, amarya. Kyautar da kika taɓa yi mini ke nan tun da aka haife ni."

"Ita ce ta ƙarshe. Zauna a keken."

"Ni?"

"Ɗazu ba shi kake kwaɗayi ba? Keke ba kowa a ciki ai kowa ya iya tura shi. Ina so in ji shi da mutum."

Ya zube a ciki, don ko ba a ce ba ya gama gajiya. Mai walda ya matso zai kama, ta buge masa hannu. Ta rataye sandarta a bayan keken, ta kama mariƙan biyu, ta tura. Keken ya yi gefe, ta dawo da shi. Ta sake turawa, ya bi ta kan tabon ginshiƙin sumul, ya wuce har bakin ƙofar ɗakin, ya shige ba tare da ya gogi ko'ina ba. Ta tsaya tana haki, fuskarta kamar an yi mata albishir.

"Kaka, bari in riƙa zuwa ina tura ta," in ji Injiniya daga cikin keken. "Ya yi miki nauyi."

"Ita ta goya ni lokacin da ba ni da ƙafa, ba ta kira injiniya ba. Buga wa 'yarta waya, ka ce ta haɗa mata kaya."

Ta juya keken da ƙyar, ta saita shi ya fuskanci tsawon barandar, ta gyara tsayuwa.

"Mai walda, kauce mini daga hanya, tuƙi zan koya kafin gobe. Kai kuma zauna daram, kada ka sauka. In na kifar da kai ba a yi asara ba, jikoki gare ni rututu. Yaya ce guda ɗaya."